Ranar da Mai Aski Ya Kai Ƙarshen Magana

Mai Aski yana da i'ina, irin wadda idan ya kama "ba" sai mai sauraro ya gaji ya ƙarasa masa. Shi ya sa shagonsa ya fi kowane shago shiru a layin: kujeru biyu, madubi biyu, injin aski yana ƙugi, shi kuwa sai nuni da haɓa. Abin yana cin ransa, domin cikinsa cike yake fal da zance.

Wata rana wani direba ya zo aski yana kallon fim a waya, na wasu mayaƙan sararin samaniya da ke magana kamar ƙaya ta maƙale musu a wuya. Direban ya ce sunan harshen Kilingon, ƙirƙirarsa aka yi, amma akwai masu koyonsa. Mai Aski ya kwaikwayi kalma ɗaya don wasa, ta fito sumul. Ya ƙara ta biyu, ita ma ba gargada. Don murna, saura kaɗan ya kwashe wa bawan Allah rabin gira.

To, daga nan fa shagon bai sake zama lafiya ba. Ya shiga koyo a waya, ya gano kalmomin kashi uku ne: suna, aiki, da sauran tarkace. Sai ya ɗauki sabulu ya rubuta sunaye a madubin dama, ayyuka a na hagu, tarkacen kuma a ƙofar banɗaki. Mai son ganin askinsa sai ya leƙa ta tsakanin kalmomi. Da ya ji cewa a harshen wanda aka yi wa aiki ake fara ambata, mai aikin ya zo ƙarshe, sai ya koma fara aski daga ƙeya, wai don girmamawa. A gida ma gurnanin Kilingon yake a wanka, har matarsa ta taɓa buga ƙofa ta ce, "Maigida, in kawo ruwan ɗumi ne, ko mu tafi asibiti?"

Ana cikin haka 'yarsa Auta ta gama makarantar koyon jinya. A wajen bikin yaye ɗalibai, kowace ɗaliba za ta kawo wani nata ya yi 'yar magana. Auta ta same shi yana wanke reza, ta ce, "Baba, na roƙi Kawu ya yi maganar, don kada ka wahala." Ya gyaɗa kai, amma maganar ta soke shi ƙwarai.

Ranar biki, Kawu na gyara zaman riga, sai ga Mai Aski ya riga shi zuwa gaban lasifika. Ya buɗe baki: "'Ya… 'ya… 'ya…" Wani ya yi tari. Auta ta sunkuyar da kai.

Sai ya rufe ido ya saki Kilingon. Da yake zancen yaƙi kawai ya iya, ya sanar da taro cewa 'yarsa jaruma ce, takobinta na da kaifi, maƙiya na ganinta su watse. Ba wanda ya gane ko kalma. Shugabar makaranta ta miƙe tana neman ruwa, sabbin ma'aikatan jinya biyu suka rugo a guje, sun zaci shaƙewa ya yi, ga aikin farko ya samu.

Auta ce ta sha gabansu. "Ku ƙyale shi, lafiyarsa ƙalau. Wallahi ban san me yake cewa ba, amma tun da aka haife ni ban taɓa jin Baba ya kai ƙarshen magana ba." Ta juyo wajensa. "Baba, ci gaba."

Yabon da ya haddace ya riga ya ƙare, sai ya shiga ba da umarnin a buɗe wa jirgin abokan gaba wuta. Auta na tsaye gefensa, hawaye na jiƙa wuyan sabuwar farar rigarta, tana gyaɗa kai a ƙarshen kowace jimla.