Saratu da Bayana

Wahala muka sha, ba ni da wani sunan da zan ba ta. Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanwata Saratu, Allah Ya jiƙanta, amma har yau in na bi hanyar Kalgo sai ƙuguna ya tuna.

Ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti nan Gwandu. Da digirinta, ta ce bai ishe ta ba, sai ta ƙaro karatu kan ciwon baya da gaɓoɓi. Malaman suna can uwa duniya, ita tana nan. A lokacin, sabis ɗin waya ba ya kamawa a unguwarmu, don haka duk Asabar ni ke goya ta a kabu-kabuna zuwa gidan ƙawarta a Kalgo, ta saurari darasi a kwamfuta. Ni da na tsaya aji huɗu, ina waje gindin dalbejiya ina korar ƙuda.

In mun dawo kuma ni ne abin gwaji. Ta shimfiɗa tabarma.

"Yaya, ɗaga ƙafa. Ina ya ja?"

"Ko'ina."

"Ko'ina ba gari ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Nuna da yatsa."

A wurinmu in baya ya riƙe, wanzami ake kira ya yi ƙaho, a tamke ƙugu da rawani, mutum ya kwanta har abin ya sake shi. Saratu ba ta taɓa zagin wanzami ba. Kwanciyar take yaƙi da ita. Takan ce fartanyar da aka jingine ita tsatsa ke ci. Tsofaffi suka ce yarinyar nan ba ta da tausayi. Takardar gama karatun ta iso bayan an share makoki.

Yau sabis har ƙuryar ɗaki, na bayanta suna karatun a waya ba su hau babur ba. Da ta gani da ta yi murna. Sannan ta leƙa tasha ta ga manoma suna haɗiyar ƙwayar ciwon jiki kamar gyaɗa, murnar ta koma ciki.

Makon jiya baya ya riƙe ni ina tsakiyar noman farko a gonata ta Dalijan. In na yi doguwar kwanciya ciyawa ta cinye geron, bana sai awo. Maiɗakina ta kawo rawani ta ce, "Malam, kwanta. Saratu dai ba ta nan balle ta yi faɗa."

Na kwanta wunin nan, ina ta tunani. Saratu ba ta bar gida ba, ba ta bar ɗa ba. Abin da ta bari yana jikin mutane irina.

Washegari bayan asuba na kwance rawanin, na kama dirkar rumfa, na lanƙwasa a hankali yadda ta koya mini, ina cije baki. Sannan na ɗauki fartanya.