Baba Rasaki Mai Kallon Hanci

Duk wanda ya taɓa yi wa Baba Rasaki sallama ya san abin da zan faɗa. Ba ya amsawa sai ya kalli hancinka tukuna. Ba idonka ba, ba hannun da ka miƙa masa ba, hancinka! Sai ya tabbatar bai motsa ba sannan ya ce, "Wa alaikumus salam, zauna," ya nuna maka bencin nan da ya kafa daf da akurkin kajinsa. Akwai kujeru a ɗakinsa, amma ban taɓa ganin baƙo a kansu ba.

Ni Sakira, 'yar ƙaninsa ce, a Fagge na tashi. Shi kuma yana haya a ɗakin baya na wani gida a Sabon Gari, kusa da kasuwar da ya yi rabin rayuwarsa yana sayar da turare. A zamaninsa sunsunawa ɗaya zai yi wa kwalba ya gaya maka abin da aka surka a ciki. Kajin kuwa na matarsa ne, Mama Sidi. Da ta rasu, Alhaji mai gidan ya ce a kwashe su. Baba ya yi ta magiya har aka tsaya a kan sharaɗi: ranar da ɗan haya ko ɗaya ya ce ya ji wari, ranar kajin za su bar gidan. Tun daga nan kowa ya zama abin zargi, har mu 'yan uwansa ba mu tsira ba.

Wallahi akurkin nan ya fi ɗakin wasu tsabta. Shara sau uku a rana, a barbaɗa toka, a shimfiɗa garin katako da yake ɗebowa wurin kafintoci. Mazubin ruwa a kan bulo yake don kada a zubar. Kashin kajin kuwa ba ya kwana, wani mai lambu ke zuwa ya tafi da shi kafin la'asar. Kullum maganarsa ɗaya ce, "Danshi, Sakira! Ki ji tsoron danshi."

Tokar wurin Iya mai ƙosai yake karɓowa, kuma sai ya zura hannu har gwiwa ya gwada ta. Wata rana da damina ya ji ta da ɗan sanyi.

"Iya, wa ya jiƙa tokar nan?"

"Ruwan sama ne, Baba, jiya aka tafka."

"Na ga Alhaji yana sayen ƙosai a wurinki shekaranjiya."

"To ai kullum yana saya!"

Baba ya dafe ƙirji. "Kullum? Ashe abin ya daɗe!"

Su kansu kajin ba su kuɓuta ba. Akwai wata ja mai rawar kai da ta ƙware wajen hawa mazubin ruwa ta kifar. Baba ya rantse ba ta yin haka sai ranar da Alhaji zai leƙo gidan, ya raɗa mata suna 'Yar Rahoto.

"Wannan ba jinin kajin Mama Sidi ba ce," in ji shi. "Shigo da ita aka yi."

Na ce, "To Baba, a yanka ta mana a huta."

Ya dube ni kamar na faɗi sakarci. "In na yanka wannan da na sani, su aiko wadda ban sani ba?"

Kamilu mijina yana nan, ku tambaye shi. Ranar da ya je gaishe da Baba lokacin neman aurena, tsautsayi ya sa yana fama da mura. Zamansa ke da wuya a kan benci ya zaro hankici ya kai hanci. Wayyo!

"Me ka ji?"

"Ba komai, Baba, mura ce."

"Daga gida ka taho da ita, ko a nan ka same ta?"

"Daga gida, Baba."

"Tashi ka mayar da ita. In ka warke ka dawo."

Ya dawo bayan mako guda. Baba ya sa aka ɗora masa amala da miyar ewedu, wato lalo, a kan bencin nan, kaji na leƙensa, Baba na leƙen hancinsa, har ya suɗe kwano. Nan aka ba shi ni. Ba a tambayi sana'arsa ba, ba a tambayi asalinsa ba!

Amma babbar wadda ake zargi ita ce Malama Rifkatu, malamar firamare 'yar wajen Zariya da ke haya a ɗakin gaba. Dole ta wuce ta gaban akurkin in za ta famfo. Yawanci gaisuwa kawai take yi ta wuce. Amma wani lokacin sai ta ɗan tsaya, ta yamutsa hanci, ta tafi ba ta ce uffan ba. Ranar kuwa babu zaman lafiya. Baba zai zabura ya kori kajin waje, ya kwashe garin katakon kakaf, ya zuba sabo, yana yi yana mita: "'Yar leƙen asirin Alhaji ce, ni na sani." Duk da haka Kirsimeti ba ya wucewa bai aika mata ƙwai ba. Wai yana so ya gani ko za ta iya haɗa ido da su.

Yanzu ga abin da ba ku sani ba, don ya sa na rantse ba zan faɗa ba yana raye.

Wata Asabar da hantsi na je gaishe shi. Tun daga ƙofar gida ƙaurin wake ya tare ni. Na same shi zaune, tukunya tana ƙonewa a bayansa, taku biyu tsakani, shi kuwa ya buɗe ƙirji yana shaƙa.

"Sakira, ji iskar nan. Tsaf!"

Na sauke tukunyar, ta zama gawayi. Na dube shi, ya dube ni. A karon farko bai kalli hancina ba, ƙasa ya kalla.

"Baba, tun yaushe?"

Ya ce, "Tun zazzaɓin da na yi bayan rasuwar Mamanku. Ba wari, ba ƙamshi. Kwalbar turarenta tana nan, kullum ina buɗewa, kamar ruwa." Ya nuna akurkin da haɓa. "In Alhaji ya ji mai kajin ba ya jin wari, me zai jira? Su kaɗai ta bar mini masu motsi a gidan nan. In na tambaye ku, kara za ku yi mini. Shi ya sa nake kallon hancinku."

Ni da na yi shekara da shekaru ina yi masa dariya, ranar kuka na yi. Kunya ta kama ni ƙwarai.

Da ciwon ajalinsa ya tsananta, ya kira ni gefen gado. Na zaci maganar kaya ko ta dangi zai yi. Ina! Kaji.

"A ba wa Malama su."

"Baba, 'yar leƙen asirin?"

"Ita fa. Duk gidan nan hancinta ne kaɗai ba ya yi mini kara."

Ranar uku da rasuwarsa Malama ta zo ta'aziyya Fagge, ta yafa mayafi ta zauna cikinmu. Na ja ta gefe na isar da saƙo, na ga ya kamata in gaya mata sirrin ma. Ban ƙarasa ba ta tare ni.

"'Yata, na sani tun tuni. Na taɓa ganinsa ya ɗaga galan ɗin kananzir yana neman wanda zai gaya masa ko ruwa ne. In na ce masa Baba akurki ya fara wari, ai na zama ɗan hayar da ya kai ƙara. In na yi shiru, wani zai ji ya kai. To sai in ba shi hancina aro in wuce." Ta share ido da bakin mayafi, tana dariya. "Alhaji kuwa ya tambaye ni ya fi a ƙirga. Amsata ɗaya ce: ni ban taɓa jin komai ba."

Kajin suna nan inda suke, bencin ma yana nan. Malama ke shara sau uku a rana, Iya na ajiye mata toka busasshiya, 'Yar Rahoto kuwa har yau tana kifar da ruwa.

Allah ya jiƙan Baba Rasaki, ya yafe masa zargin da ya yi wa bayin Allah da kaji, mu ma ya yafe mana dariyar da muka yi masa. Ya haɗa shi da Mama Sidi, ya mayar masa da hancinsa, ƙamshin Aljanna ya zama farkon abin da zai shaƙa. Amin.