Badaso da Karan Sha'ir

Badaso mutumin tudun Arsi ne, kuma tun da aka haife shi bai taɓa jin magana ya ji ta har ƙarshe ba. Rabi yake ɗauka, ya bar wa mai ita sauran. Shekara arba'in yana noma sha'ir a gonar da ya gada, gonar tana rama kamar shi.

A garinsu, da an gama girbi gona ta zama ta kowa. Shanun gari su shiga su cinye kara, ba mai cewa uffan. Shekarar da 'yarsa Lalise ta sami cikin fari, malamin gona ya ce masa ƙasa ma tana cin kara, a bar mata. Badaso bai jira sauran bayani ba. Ya tsaya bakin gona da sanda yana korar shanun mutane, har na Gurmessa abokinsa na ƙuruciya. Ya bi da garma ya binne karan, ya shuka da ruwan fari.

Dalilinsa ɗaya ne. Tuwon sha'ir da man shanu da ake tuƙa wa mai jego, yana so na Lalise ya fito daga gonar ubanta, ba daga kasuwa ba.

Sha'ir ya tsiro rawaya, siriri. Badaso ya tsuguna a ciki, ya kasa cin abinci. Matarsa Dirribe ta taka har wurin malamin gona ta karɓo rabin maganar da ya bari.

"Baban Lalise, ashe kara kafin ya ruɓe sai ya fara cinye abincin shuka. Farin takin zamani ake ba shi. Da ka tsaya, da ka ji."

"Takin ya ƙare a rumbun gwamnati."

"Bai ƙare a gidajen da ka kori shanunsu ba."

Ya ce shi kam ba zai iya zuwa roƙo ba. Ta ce dama ba ta aike shi ba. Ta bi gida gida lokacin shan gahawa, tana shan baƙar magana tare da gahawar. Kowace mace ta gama zagin Badaso tas, sannan ta shiga ɗaki ta kakkaɓo gindin buhun takinsu. Gurmessa da kansa ya kawo nasa, ya dire a ƙofa.

"Ga shi, sarkin kara. Saniyata tana gaishe ka."

Badaso ya ɗauki takin. Shi da Gurmessa suka watsa shi ana yayyafi.

Gonar ba ta cika rumbu ba, kada in yi ƙarya. Amma ta yi kore, ta ba da buhu huɗu. Ranar da matan gari suka taru tuƙa wa Lalise tuwon jego, Badaso yana waje, inda maza ke zama. Dirribe ta leƙo.

"Ta cinye, wai a ƙaro."

Ya tashi zai ɗebo wani sha'ir ɗin, ta ce ya zauna, akwai a tukunya.