Naman da Na Cire Daga Kwanon Baƙo

A Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, aka haife ni, a nan aka yi mini aure. Mijina maigidan fataken goro ne, ɗakunan baƙi huɗu gare mu a bakin zaure. Ɗaki da tuwo kyauta ne ga falke, don in ya yi ciniki maigida na da la'ada. Ni ke girkin. Ina cikin kulle, ban san fuskar kowa ba, amma ba ni kwanon mutum in gaya maka halinsa.

Shekarar da aka yi ta gudowa daga Gabas, kafin yaƙin basasa ya kankama, aka kawo mana wani dattijo Bahaushe daga Umuahia. Can aka haife shi, can yake saukar da fataken shanu, maigida ne sosai. Ya iso da riga ɗaya. Matarsa da 'ya'yansa mata biyu sun rabu da shi a turmutsutsun tashar jirgi. Duk wanda ya gamu da shi a hanya ya bar masa sallahu: in an gan su, a ce yana Sabon Ibadan, gidan mijina. Shi ya sa ya ƙi gaba ya ƙi baya.

Ya nemi dillanci a kara, kasuwar shanu, aka ce bai san mahautan garin ba, ba ya jin Yarbanci. Inyamurancin da ya iya kamar ruwa kuwa, a lokacin ba abin furtawa ba ne a kasuwa. Ya gwada dakon huhun goro, kwana biyu bayansa ya ƙi. Kwanonsa kullum a wanke yake dawowa, shi kaɗai a cikin baƙi.

Wata bakwai muna haka, sai kakar goro ta zo, fatake suka fara sauka gidan maƙwabta don ba mu da wuri. Mijina ya shigo yana ta kame-kame, can ya ce, "Daga yau ki daina sa nama a kwanon dattijon nan."

Haka ake yi a Sabo. Ba a korar baƙo da baki, kwano ke kai saƙo. Na ce, "Haba Alhaji, wannan ma?" Ya ce, "To ki faɗa mini inda zan kwantar da masu kaya." Na yi masifa iya masifa, ranar har ƙishin ruwansa bai sa na kula shi ba. Amma da hannuna na tsame tsoka biyun da na riga na sa wa dattijon na mayar tukunya. Har yau ina jin haushin kaina fiye da nasa.

Kwana uku aka kai tuwo da miya tsura. A na huɗu da hantsi na ji sallama a ƙofar da ta raba zaure da tsakar gida.

"Uwargida, ni ne baƙonku. Na share ɗakin. Kada ki ji komai, ni ma da ina da gida haka nake sa a yi."

Kunya ta hana ni ko amsa sallamar kirki. Ya ce, "Alfarma ɗaya. In wata mata ta zo da yara biyu tana cigiyata, ki tare ta."

Na ce, "Baba, ina zan ce mata ka tafi?"

Ya ce Arewa ba shi da kowa, kakansa ne ya baro ta, ko sunan unguwar bai riƙe ba. In ya samu wurin zama zai aiko. Kafin azahar wani falke ya shimfiɗa tabarmarsa a ɗakin.

Bai aiko ba. Bayan an gama yaƙi wata mata ta yi sallama, ramammiya, da yarinya ɗaya, tana cigiyar dattijon. Ta ce tun daga Makurɗi ake kwatanta mata gidan nan. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa, ta ƙi sha. Ta ce, "Fara kira mini shi tukuna."