Garin Geron da Isuhu ya Barbaɗa wa Inji

Ina cikin tashar Tasawa ina ɗaure buhuna sai wani mai amalanke ya tsaya ya ce mini Yaya Isuhu makanike ya cika da hantsi. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na saki igiyar, na zauna, na miƙe, na zagaya motar ban san abin da nake nema ba. Tun daga ranar zama ya gagare ni, shi ya sa na ɗauki alƙalami ko zuciyata ta lafa.

Ni direba ne, shi mai gyara. Ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, amma Yaya nake ce masa, domin tun farin farko, wanda ya kashe mana shanu, shi ke riƙe da ran tsohuwar motata. Mutum ne marar gaggawa, ni kuwa kamar an ɗora ni a kan garwashi. Kullum faɗanmu ke nan. Yakan ce, "Sani, mai sauri shi ka tahiya sau biyu."

A wannan fari na bana, sojan da ke kula da rabon tsaba ya ba ni dawar taimako in kai ƙauyukan Korgom, inda mahaifiyata take. Ya gaya mini ƙarara: idan motata ba ta tashi ba kafin la'asar, za a juya kason zuwa wani gari, su Korgom su jira zagaye na gaba. Wa ya san wanda zai kai zagaye na gaba? Ga shi kuma motar ta fara zubar da man inji, duk inda ta tsaya sai ta bar baƙin tabo a rairayi. A wannan hanya mai yashi, in mai ya ƙare inji ya kama, daga ni har dawar a daji za mu kwana.

Na je garejinsa ina huci. Na ce, "Yaya, daga ƙasa ne, ɗaure mani kaskon mai in wuce."

Ko kallon ƙasan bai yi ba. Ya ce, "Mai ba shi hawa, gangarowa shi kai. Inda ka gane shi, ba nan ya hito ba."

Ya wanke injin da gazuwal, wato man dizal, ya goge da tsumma, ya bar shi ya sha iska. Ni ina kai da komowa, ina duban rana. Sai ya shiga gida ya fito da ƙoƙo cike da garin gero, ya shiga barbaɗa wa injin tun daga sama har gefuna. Gari, a wannan shekara! Na ce, "Haba Yaya, ba ga toka ba?"

Ya ce, "Toka duhu gare ta, ba ta hwaɗin gaskiya da wuri. Kai ba la'asar aka ba ka ba? Tada ta."

Na tada mota. Ba a jima ba wani siririn layi ya ɓata farin garin, can sama, a gefen murfin inji. Juwan ɗin murfin ne ya bushe ya tsage, wato shimfiɗar da ke hana mai fita. Da na bi son raina da mun kwance ƙasa a banza. Sabo babu shi ko a Maraɗi, don haka ya ɗora kwali mai kauri a kan murfin, ya bi gefensa da ƙaramar guduma har siffar ta fita, ya shafa masa giris. Da zai ɗaure kusoshin bai bar ni na taɓa ba, ya san hannuna. Ya bi su a hankali, wannan gefe, wancan gefe, yana cewa, "Kusa in ka matsa mata, sai ta rama."

Na tashi kafin la'asar. Na isa Korgom mai bai ragu ba, na tarar da mahaifiyata a layi da ƙwaryarta. Da na komo na ga Yaya ya rame, amma wa bai rame ba? Na yi masa ba'a cewa tsufa ne, ya yi dariya. Zazzaɓin da ya kwantar da shi bai daɗe yana fama da shi ba.

A zaman makoki na ba da labarin garin nan don in yabi gwanintarsa. Matarsa, Yaya Rabi, tana bayan zana tana ji. Da mutane suka ragu ta kira ni, ta ce, ba da ƙorafi ba, "Sani, garin nan shi ne na ƙarshe cikin gidanga. Na daka shi don kununmu. Ya ce a bai wa yara ɗan abin da ya saura, mu manya mu yi haƙuri, na Korgom sun hi mu yawa."

Ni kuwa ina tsaye a garejin a wannan ranar, ina ƙirga masa lokaci, kuma ban tambayi daga ina ƙoƙon ya fito ba.

Ya Allah, Kai ka ga abin da mu ba mu gani ba. Ka jiƙan Isuhu, ka yafe masa, ka yalwata kabarinsa, ka ƙosar da shi daga abincin Aljanna. Ka ba Yaya Rabi juriya, ka raya ƴaƴansa cikin albarka, ka saukar mana da damina mai alheri. Kada ka bar gidan nan ya sake kwana ba a hura wuta ba. Amin.