Ranar da Habboba Ta Je Neman Mai Takunkumi

Ina ƙarama lokacin da wannan abu ya faru, kuma mai yiwuwa na cakuɗa wasu ranaku da wasu, ko na ɗora wa wani maganar da ba shi ya faɗa ba. Inda na tabbatar, zan ce na tabbatar. Sauran ku karɓa da irin shakkar da ni ma nake da ita.

Ƙanshin gahawa ne ya tono mini shi. Kwanan baya ina hawa benenmu a unguwar Hayyin Ashir da ke Alƙahira, sai na ji wata sabuwar maƙwabciya tana soya gahawa a kan gawayi, tana daka citta. Na tsaya a matakala na kasa yin gaba. Haka kakata take yi kullum bayan la'asar. Habboba muke kiran ta, yadda Hausawan Sudan ke kiran kaka mace. An kawo ta Alƙahira ne don aikin ido, da niyyar ta koma kafin damina. Kakana ya zauna a garinmu na bakin kogi yana jiran ta, ga ciwon sukari a jikinsa, kullum sai da allura.

Ban taɓa ganin sa ba, muryarsa kawai na sani, ta wayar wani shago a ƙasan benenmu. Da an miƙa mini sai ya ce, "Ina amaryata ta Masar? Gaya wa tsohuwar nan ta dawo, ko in zo in ɗauke ki a madadinta." Habboba ta fizge wayar ta ce, "Da wane haƙori za ka yi dariyar angonci, Malam?"

A shekarun nan ne aka yi wani yaƙi a ƙasashen gabas da mu. Ƙasarmu Sudan ta ce ba ta shiga, ba ta tare da kowa. Na san akwai masu cewa ba haka ba ne, ta karkata wani ɓangare a fakaice, kuma ba ni da hurumin yanke hukunci. Abin da na sani, jakadu sun yi ta kai da komowa, daga baya manyan ƙasashe suka juya mata baya. Ba a jima ba kakana ya fara cewa allurarsa ta yi wuya a kantunan magani.

Akwai wani ɗalibi Bakano mai karatun addini a hawan ƙasa. Shi yake hawowa da rediyonsa a saurari labarai da Hausa, Habboba ta ba shi gahawa, tana cewa Hausarsa irin ta mahaifiyarta ce. Wata rana mai karanta labarai ya ce an ƙaƙaba wa ƙasarmu takunkumi. Habboba ta ajiye taɓaryar hannunta.

"Takunkumi? Na jaki?"

Hausarmu ta bar gida tun zamanin kakannin da suka bi hanyar hajji a ƙafa. Duk abin da ya shafi gwamnati da Larabci muke faɗar sa. A wurinta kalmar ma'ana ɗaya gare ta, wato saƙar igiyar nan da ake ɗaura wa dabba a baki idan za a ratsa gonar mutane.

Ɗalibin ya ce, "Hajiya, ba na igiya ba. Hukunci ne, an hana saye da sayarwa."

"Me muka ci?"

"Ba ku ci komai ba. Cewa aka yi kun ƙi shiga yaƙin."

Sai fuskarta ta washe, abin da har yau nake jin nauyinsa. Ta ce, "To ai da sauƙi. Wanda ya ɗaura shi ke kwancewa. Ku kai ni wurinsa."

Baba ya yi ta bayani, ta ce shi yaro ne, bai san yadda ake roƙon manya ba. Ta daina yi masa magana har sai da ya yarda. Ina jin lokacin zafi ne, domin na tuna ƙarfen kujerar bas yana ƙona mini cinya. Ta yafa farin mayafinta na zuwa biki, da baƙin tabarau saboda idon, ta ƙulla dabino a leda, don ba a zuwa wurin babba hannu sake. Muka sauka a unguwar Mohandessin, a ƙofar wani ofishin jakadanci. Ban san na wace ƙasa ba ne, kuma ba zan yi hasashe ba.

Ta gaida mai gadi da Larabcinta na Sudan, ta tambaye shi ko maigidan yana ciki. Ta ce, "Ɗana, ba na ƙasar duka na zo a kwance ba. Na tsoho ɗaya ne, a ɗan sassauta masa ya sami allurarsa." Mutumin ya dubi Baba, Baba ya dubi ƙasa. Mai gadin ya ce, "Ma'alish, ya hajja," wato ki yi haƙuri, Hajiya. Ya kawo mata kujerarsa da ruwan sanyi. Ta zauna tana gyara mayafi duk lokacin da ƙofa ta motsa. Da inuwa ta juya, ta bar masa dabinon, ta ce ya ba maigidan idan ya tashi daga barci.

Bayan na girma na karanta hulɗar ƙasashe a jami'a, na gano cewa a rubuce irin wannan hukunci ba ya hawa kan magani. Na duba, na sake dubawa. Amma allurar ta ɓace a garinmu. Ko 'yan kasuwa ne suka tsorata, ko jiragen ruwa suka daina zuwa, ban sami hujjar da zan tsaya a kanta ba.

Daga ƙarshe Baba ya sayi allurar a nan, aka jera ta a fulas da ƙanƙara, aka ba wani ɗan garinmu mai sarin kaya a kasuwar Ataba. Zai bi jirgin ƙasa zuwa kudu, ya hau jirgin ruwa, sannan mota. An ce jirgin ruwan ya daɗe bai tashi ba. Kafin damina ta ƙare aka kira Baba a wayar shagon, ya hawo bene ba takalmi.

A ɗakinmu Habboba ta yi takaba, kuma ba ta sake komawa gida ba. Ta daina tambayar rediyo. Takan zauna a bakin taga da gefen mayafi a kan bakinta, ta ci loma biyu ta ture kwano. Wani lokaci ta kira ni, "Ƙawata, leƙa ki gani ko an aiko daga wurin mutumin nan." Sai in leƙa matakala in dawo in ce tukuna.

Baba ya rasu yana cewa allurar ta isa amma zafi ya lalata ta. Goggona ta ce ba ta isa ba sam. Ɗan kasuwan bai sake dawowa Alƙahira ba.

Yanzu wani yaƙin ya koro mutanenmu, Ashir ta cika, ina ganin tsofaffin garinmu a ƙofar shaguna amma na kasa tunkarar su. Don haka nake roƙo a nan. Duk wanda ya shaidi wani abu cikin wannan, ko ya ga na yi kuskure, ya aiko da gyara ta hannun waɗanda suka buga rubutun. Musamman wanda ya zauna kusa da kakana a kwanakinsa na ƙarshe, ya gaya mini ko an sanar da shi cewa ta je ta roƙa masa.