Wuƙa Mai Giɓi

A kasuwar ba wanda yake kiranta da sunan yanka, Mai Kala ake ce mata. Sauran masu kayan miya zube kayansu suke yi yadda suka sauko daga mota, ita kuwa sai ta jera tumatir da tattasai gefe guda, karas da kabewa kusa da su, sannan alayyahu, ta rufe da jan kabeji. Masu tsokana suna cewa ta mayar da tebur shagon atamfa. Mace ce mai kaifin baki, amma ba ta ɓata shi a kan wasa.

Ita ce babba a gidansu. Ita ta goyi Auta bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta tsaya har ya samu babur, har ya yi aure. Mahaifinsu, tsohon kafinta, yana zaune wurin Autan a ɗaya ƙarshen gari. Da tsufa ya kama shi sai ciki ya riƙa ɗaure masa, ga mantuwa. Yakan ajiye hula ya neme ta alhali tana kansa. Ran da ya dube ta ya yi jim kafin ya tuno sunanta, ranar ta kai shi asibiti.

Likita ta faɗi gaskiya, ta ce abinci ba ya mayar da tsoho yaro. Amma akwai ƙananan halittu a hanji masu amfani, ganye da wake da 'ya'yan itatuwa ne abincinsu, kuma lafiyar hanji tana taɓa ƙwaƙwalwa. "Ki riƙa haɗa masa kala-kala a kwano, ja da kore da ruwan ɗorawa. Kar a bar shi da burodi da shayi."

"Kala ai a gidanta kike," in ji Mai Kala.

Daga nan kullum kafin ta fita kasuwa sai ta ware mafi kyawun kayanta. Tsohon ba shi da haƙoran kirki, don haka takan yanka karas siriri a karkace, ta turara shi ya yi laushi. Wuƙarta tana da giɓi a baki, kowane yanka sai ta bar masa ɗan layi a tsakiya. Auta ya zo da babur ya ɗauki kular abincin don kai wa tsohon, da yamma ya dawo da ita a wanke tas.

"Ya ci?"

"Yaya, har da lashe cokali."

Sai ta ji sanyi a ranta. In ta je ranar hutu ta tarar jikin tsohon jiya i yau, takan ce ciwo ne, sai a hankali.

Wata rana telan da ke maƙwabtaka da teburinta ya zauna yana cin abinci a roba, yana santi. Ya ce wani sabon gidan abinci aka buɗe bakin tasha, haɗin ganyensu ba dama. Ta leƙa don ta ga aikin wasu. Karas siriri, a karkace, kowanne da layi a tsakiya. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi. Gidan abincin na matar Auta ne, ita ma ta sani, har tukunya ta ba ta gudummawa.

Ta ja buhu ta rufe kaya da rana tsaka, abin da ba ta taɓa yi ba. A bakin tasha ta tarar da kularta a kan kanta, a buɗe, ana ɗiba da cokali. Auta yana zaune a kan babur.

"Yaya, tsaya ki ji. Baba ba ya so ne, turewa yake yi. Muka ga kar a yi asara."

"Ka taɓa zama ka ba shi a baki?"

Ya sunkuyar da kai.

Ba ganyen ya ƙona mata rai ba, ganye ai gobe ma mota za ta kawo. Yaron da ta goya ne ya riƙa duban idonta kullum yana cewa har da lashe cokali. An yi mata sakiyar da ba ruwa, kuma da hannun da ta wanke.

Ta ɗauke kular ta nufi gidan. Tsohon yana kan tabarma, gabansa kofin shayi da guntun burodi da ya bushe. Ta zauna ta murje karas da bayan cokali ta kai masa baki. Ya karɓa, ya tauna a hankali, ya sake buɗe baki. Bai ture ko sau ɗaya ba.

Da ya ƙoshi ya dube ta da fara'a irin ta baƙunta.

"Allah ya yi miki albarka, baiwar Allah. Ni Auta kaɗai ke kula da ni. Ina da wata babbar 'ya a kasuwa, kayan miya take sayarwa, amma ko ganye ɗaya ba ta taɓa aiko mini ba."

Ta goge masa baki da gefen mayafinta, ta ce, "Gobe za ta zo da kanta, Baba."